Gayyar Ofishin Jan-baki

Ana shigowa da benci na aro daga firamare Malam Iliyasu ya tuna allon ƙofa ma yana son fenti. Ya daka wa Mati mai shayi tsawa ya ajiye bencin ya nemo buroshi. Jibi wata baƙuwa za ta zo daga Kano, kuma duk ƙauyen an ji abin da ke tafe da ita: bincike kan yadda ake rufe hukumomin gwamnati.

Bincike! Wa za a yi wa wayo? A wannan zamani na tsuke bakin aljihu, da gwamnati ke yanka ma'aikatu kamar kajin Sallah, duk wanda ya ce bincike ya kawo shi, wuƙarsa na cikin jaka. Shi kuwa Malam Iliyasu tun yana da baƙin gemu yake riƙe da Ofishin Korar Jan-baki na yankin Minjibir, tsuntsayen nan masu cinye gero a tsaye. In aka rufe ofishin, ya zama wa? Tsoro ya kama shi sosai, har tuwo ya daina yi masa daɗi.

Gaskiya dai ofishin ya rame. Motar aiki, tun da aka tafi da ita gyara ba ta dawo ba. Ma'aikatansa an yi musu canjin wurin aiki ɗaya bayan ɗaya, ba a turo masa ko kyanwa ba. Sufeto kuwa an manta rabon da a ga ƙeyarsa. To, wane ofishi ne ba haka yake ba?

Allah dai ya rufa masa asiri da surukinsa Sama'ilu, mijin 'yarsa Luba, akawu a hedikwata. Mutum ne mai kunya, ko haɗa ido da Malam ba ya iyawa. Duk ƙarshen wata zai zo, ya cire takalmi tun daga zaure, ya tsuguna ya miƙo albashi, wani wata cikakke, wani wata rabi da 'yar masara, ya ce, "Baba, gwamnati ce, sai haƙuri." Sau tari yakan buɗe baki kamar zai ƙara wata magana, sai ya ɓige da tambayar ya damina.

Malam Iliyasu ya kira gayya, irin wadda ake yi wa gonar marar lafiya. Ya sa aka dama kunu tukunya biyu. Maza suka ajiye fartanya suka zo, aka share, aka yi yaɓe, aka raba wa kowa muƙami. Mati ya zama mataimakin shugaba. Aka goya wa samari famfunan feshi da ko ɗigon magani babu a cikinsu, aka ce su riƙa wucewa ta gaban taga da sauri.

Da Sama'ilu ya ji labari, sai ga shi a babur yana gumi. "Baba, da dai an bari..."

"A bari a yanka ni ina kwance? Kai dai ka tsaya kusa da ni, ta ga muna da mutum a sama."

Baƙuwar ta iso da hantsi. Ba a motar gwamnati ba, a bas ɗin haya, 'yar siririya mai suna Rahmatu, da jaka da ƙaramar rikoda. Malam ya ce a ransa, irin waɗannan su ne masu dafi.

Ta tsaya a ƙofa baki buɗe. Ta dubi sabon fenti, ta dubi samarin da ke kai da komo, ta sake karanta allon. Malam ya ji daɗi, ya san gayya ta yi aiki. Ya zaunar da ita, ya shiga zuba: yadda suka kori jan-baki har iyakar Nijar, yadda ba a taɓa buɗe ofishin nan a makare ba. A kan darbejiyar tsakar gida tsuntsayen sun cika reshe suna ta surutu, ya ɗaga murya ya danne su.

"Ranki ya daɗe," ya ƙarasa, "ki dubi Allah, kada ki rufe mu."

"Ni? Baba, ni ɗaliba ce a jami'a. Ko kejin kaji ba ni da ikon rufewa."

A gefensa aka ji motsi. Sama'ilu ne yake ja da baya a tsugune, takalmansa a hannu, yana neman ƙofa.

Rahmatu ta danna rikoda, ta matso da ita kusa da bakin Malam.

"Ni ofisoshin da aka riga aka binne nake bi. Abin da nake so ka gaya min kawai, Baba, yaya ka ji ranar da hedikwata ta aiko wani Sama'ilu ya faɗa maka an rufe ofishin nan, shekara bakwai da suka wuce?"