Ruwan da Ya Gangaro daga Lambun Sama

Ka ce mini hali ba ya ƙetare katangar mai shi. To, saurara ka ji.

An yi wani manomin rani a bakin wata fadama, mai noman albasa, mutum ne da duniya ta koya wa cewa duk wanda ya yi maka murmushi akwai abin da ya hango a aljihunka. Lambunan wurin a jere suke, hanyar ruwa guda ce ta ratsa su daga ƙorama, kuma kowa ya san yadda ake yi: na sama ya datse ruwa har fangalinsa ya cika ya tumbatsa, na ƙasa ya yi ta zagi, shi ma in ruwan ya iso gare shi ya datse wa na ƙasansa. Ana nan sai wani Kirista ya karɓi lambun da ke sama da na mai albasa, ya shuka attaruhu. Tun ranar farko mai albasa ya ga ruwa ya gangaro masa da hantsi, ba tare da ya ɗaga murya ba. Bai yi murna ba. Ya tsuguna ya ɗebo ruwan a tafin hannu ya sansana, ko an zuba wani abu. Da bai ji komai ba, sai ya ce a ransa, wannan lambuna yake so, zai fara da alheri ya ƙare da tayi. Da tayi bai zo ba, ya ce to cocinsu yake son ja na. Da wannan ma bai zo ba, sai hankalinsa ya ƙara tashi, don macijin da ba ka gani ba ya fi wanda ka gani ban tsoro. Ya yi shawara ya tono abin da ke cikin mutumin. Ran Lahadi, da ya tabbata Kiristan ya tafi sujada, ya kwance jakinsa ya kora shi cikin attaruhun. Da la'asar sai ga Kiristan ya jawo jakin har ƙofar gida, ya ma shayar da shi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Maƙwabci, a duba igiyarsa, ina jin ta ruɓe." Mai albasa ya bi bayansa da kallo, ya ce lallai wannan ya iya jira, ramuwarsa tana gaba.

Bazara ta shigo, ƙorama ta ja baya, albasa kuwa ta fara ƙwai, lokacin da in ta sha ƙishirwa kaɗan wahalar shekara ta tafi a banza. Mai albasa ya san ranar ramuwa ta zo. Ya ɗauki sanda ya zauna a bakin iyaka, yana jiran a datse ruwa a yi ta ta ƙare. Sai ga ruwa ya silalo, siriri kamar igiya, amma ya zo. Ya haura sama don ya ga inda makircin yake. Ya tarar da Kiristan a tsaye cikin laka, ya buɗe madatsa, alhali fangalinsa na ƙarshe ko jiƙa bai yi ba, ganyen attaruhun ya langwaɓe. Mai albasa ya ce, "Kai, faɗa mini gaskiya, me kake nema a wurina?" Kiristan ya share gumi ya ce, "Ba ni na yi ruwan ba. Wanda nake bi ya ce in ƙaunaci maƙwabcina kamar kaina, ka ga kuwa da albasata ce, ba zan so ta ƙone ba." Mai albasa ya juyo yana gunaguni, wai magana mai daɗi ita ce farkon yaudara. Amma da ya sunkuya zai toshe wa na ƙasansa ruwa kamar yadda ya saba, sai ya ji fartanyarsa ta yi masa nauyi. Ba wanda ya yi masa wa'azi, ba wanda yake kallonsa, attaruhun nan da ya langwaɓe ne kawai ya tsaya masa a ido. Ya yi tsaki, ya bar ruwan ya wuce. Na ƙasansa, mai tumatir, wanda suka daɗe ba sa ga-maciji, da ya ga ruwa sai ya yi turus, ya yi ta leƙe ta saman shinge yana neman inda tarkon yake. Shi ma da ya rasa, kunya ta hana shi datsewa. Haka abin ya yi ta gangara, lambu bayan lambu, har ruwa ya kai ga wata tsohuwa a can ƙarshen fadama, wadda ta saba ɗaukar tulu zuwa ƙorama don ta raya ɗan alayyahonta. Ta ajiye tulun, ta zauna a kan kunyar lambunta tana kallon ruwa yana shiga da ƙafarsa.

Kiristan ya yi asarar fangali guda a shekarar. Mai albasa kuwa, har aka kwashe amfani bai daina ce wa matarsa ba, "Mutumin nan akwai abin da yake ɓoyewa, wata rana zan gano shi." Ita kuwa sai ta dube shi, ga shi ya ɗaure buhun albasa a kan jaki zai kai gidan Kiristan, ta kawar da kai tana dariya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.