Oga Ƙanƙara da Jajayen Sanduna

Ranar Litinin da safe sandar aikin rufi ta koma ja, Uwar Jadawali ce ta fara gani.

Ita ce mai kula da manhajar tsara aiki a wani kamfanin gine-gine, shi ya sa sunan ya bi ta. A babban allon ɗakin taro kowane aiki yana da sandarsa a kwance, doguwa ko gajera gwargwadon lokacin da zai ci. Kore lafiya ke nan, ja kuwa an makara. Kibiyoyi sun ɗaure sandunan da juna, don haka in mai rufi ya yi nawa, mai silin da mai fenti su ma sun shiga uku. Akwai wani siririn layi a tsaye, wato yau, wanda kullum sai ya ɗan matsa gaba ko an so ko an ƙi. Can ƙarshen allon ga hoton wani ɗan baƙin lu'ulu'u, alamar ranar miƙa otel ɗin da suke ginawa ga mai shi. Mai kamfani ya riga ya faɗa ba tare da kwana-kwana ba: in layin nan ya riga aiki isa lu'ulu'un, sashensu kaf zai tafi gida.

Allon nan ya ci manajoji. Na farko hawan jini ya kwantar da shi. Na biyu ya yi ta ihu har muryarsa ta dishe, ya ce zai je ya sha iska ya dawo, har yau ana jiransa. Na uku daga sashen sito aka ɗauko shi, wani dattijo mai sanyin murya da direba ke kawowa yana mayarwa. Ranar da ya kama aiki an sake tsara ranaku, komai kore shar. Uwar Jadawali ta nuna masa allon, ta ce muddin ya ga haka to lafiya lau. Ya gyaɗa kai ya yi mata godiya.

To yau ga ja. Dattijon ya shigo, ya goya hannuwa a baya, ya daɗe yana kallon allon.

"Madalla," ya ce. "Ku ci gaba a haka."

Yana fita Dogo, mai kula da ma'aikatan filin gini, ya zube a kujera. "Ihu mun saba da shi," in ji shi. "Amma mutum ya kalli jar sanda ya ce maka madalla? Wallahi wannan korarmu yake shiryawa a zuci."

Daga ranar suka laƙa masa Oga Ƙanƙara.

Jan bai tsaya a rufi ba. Ya bi kibiyoyi ya kama silin, ya kama wayoyin lantarki, ya gangara har fenti. Kowace safiya Oga Ƙanƙara zai tsaya gaban allon, ya yi murmushi, ya sa musu albarka. Kowace albarka kuma sai sun ji ta kamar mari. Wata rana ya shigo musu da kwandon mangwaro, ɗanye shataf, ya ce ya tsaya ya zaɓo musu da kansa. Dogo ya ɗaga ɗaya ya juya shi, ya ce saƙo ya iso: nufinsa har yanzu ba su nuna ba. Ko makon da matarsa ta yi tafiya, da ya riƙa zuwa da riga da hula da ba sa ga maciji da juna, ba wanda ya yi gigin murmushi.

Uwar Jadawali, wadda gida guda ke rataye a wuyanta, ta kasa jure wannan azaba. Ta same shi a ofis.

"Yallaɓai, ka dai ga allon?"

"Na gani, 'yata. Ni ban ga abin damuwa ba. Ke kin ga wani abu ne?"

Ta ce a'a, ta fito. A rayuwarta ba a taɓa yi mata gatse mai zafin wannan ba.

Tsoro ya yi abin da ihu ya kasa. Mai rufi ya daina doguwar hirar rana. Dogo ya rame har wandonsa ya fara zamewa. Mai fenti, wanda kakarsa ke rasuwa duk lokacin da aiki ya yi zafi, ya bar tsohuwar ta huta. Layin yau na matsawa, su ma suna matsawa, sandunan suka shiga sauya launi ɗaya bayan ɗaya. Ana gobe layin zai taɓa lu'ulu'un, aka goge tagar ƙarshe ta otel ɗin.

Mai kamfani ya zo da kansa. Ya riƙe hannun Oga Ƙanƙara ya ƙi saki, yana cewa bai taɓa ganin mai dakakkiyar zuciya irinsa ba. Dogo ya share ido da hula. Uwar Jadawali, da farin ciki ya sa ta manta tsoronta, ta ja dattijon gaban allon.

"Yallaɓai, ka gani? Duk jajayen nan sun koma kore!"

Ya matsa kusa, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya bi sandunan da kallo daga sama har ƙasa. Sannan ya juyo, a karo na farko fuskarsa a firgice.

"Jajaye? Da can ja suka yi? Haba 'yata, me ya hana ku gaya min? Ni fa ja da kore duk ɗaya nake ganinsu!"