Dabinon Kaka

Tun shekarar baƙin zazzaɓi, ba a haifar jariri a garin sai an sake masa rubutun jini tun yana ciki. An ce saƙon bai canza ba, baƙaƙen kawai aka musanya don cuta ta kasa karantawa. Doka ɗaya ce: kafin suna, kada yawun mai tsohon jini ya taɓa bakin jariri. In ya taɓa, koren zaren da aka ɗaura masa a hannu zai yi baƙi, mota ta zo ta tafi da shi. Ba a taɓa dawo da ko ɗaya ba.

Tanimu ya dawo daga sayen ragon sunan 'yarsa, ya tarar da mahaifinsa zaune a ƙofar ɗakin mai jego, jaririyar a cinyarsa. A kan tabarma ga ƙwallon dabino, jiƙe sharkaf.

Igiyar ragon ta suɓuce masa.

"Baba, ka sa mata a baki?"

"Ɗan kaɗan na tauna wa amaryata," in ji tsohon yana dariya. "Kai ma haka na yi maka. Ka mutu?"

Tanimu ya durƙusa, ya ɗaga hannun jaririyar. Zaren kore ne, sai dai wajen ƙullin ya fara duhu.

Matarsa Kubura ta leƙo, ta duba. Ba ta yi kuka ba. Ta kama gefen koren zanenta, ta fara zare zare da haƙori.

"Rufe ƙofar gida," ta ce. "'Yan barka na tafe."