Jar Dara a Bakin Dam

Shekarau, tun ɗazu nake sauraronka. Surukinka ka ce munafuki ne, maƙwabcinka leƙen asirinka yake yi, har mai shayin bakin layi bai tsira ba. To, gyara zama in ba ka wani misali, in ka ga dama ka ɗauka.

An yi wani tela wanda bai yarda da kowa ba. Ko sallama ka yi masa, sai ya juya ta ya duba bayanta kafin ya amsa. Tsohuwarsa ta kwanta ciwo, ta daina cin komai, kunu ma in an kai bakinta sai ta kau da kai. Ran nan da safe ta buɗe ido ta ce romon ɗanyar karfasa take marmari. Ga masu kifi nan fal a kasuwa, amma ina! Gogan naka ya ce duk da maganin ƙwari suke kashe kifinsu, shi ba zai kai wa uwarsa guba a kwano ba. Da hannunsa zai kamo, alhali tun da aka haife shi bai taɓa riƙe fatsa ba. Ya zura farar riga, ya kafa jar dara, ya hau kekensa sai dam ɗin bayan gari.

Dam ɗin nan ƙungiyar masunta ce ke zuba masa 'ya'yan kifi duk shekara, kuma dokarsu ba a jefa koma, fatsa kaɗai. Sabon zubi wawaye ne, a kwami suka tashi ana watsa musu abinci, ko tsinke ka jefa sai su cafke. Su tuni aka kwashe su. Waɗanda suka rage sun sha ƙugiya sun kuɓuce, wasu har da tabo a leɓe, sun zama 'yan duniya. Telan ya tarar da wani tsohon masunci tsugune cikin ciyawa. Ƙugiyarsa babu tana, gashin zabo ya naɗa mata da zare har ta koma kamar shinge, don lokacin farkon damina ne, shinge na ta faɗawa ruwa. Sai ya wurga a hankali, gashin ya sauka bisa ruwa, kifi ya taso ya haɗiye. Da tsohon ya ji labarin marar lafiya, tausayi ya kama shi. Ya ba telan sanda da zare da ƙugiyar gashi ɗaya, ya nuna masa gefen ciyawa, ya ce, "Ɗana, tuɓe farar rigar nan da jar hular ka ajiye. Ka tsuguna, ka fuskanci rana, inuwarka ta koma bayanka."

Telan ya yi murmushin gefen baki. A ransa ya ce, wato in tuɓe riga, in duƙa, in ba kekena baya ko? Lallai an ga baƙo. Ƙugiyar ma sai da ya sunsuna ta, ya ce ba yadda za a yi kifi ya ci gashi, ko dai tsohon ya ɓoye tana a aljihu ko kuma da laya yake aiki. Gefen ciyawar da aka nuna masa kuwa, ya tabbata nan ne babu kifi. Sai ya haye wani dutse inda zai riƙa hango kekensa da tsohon da duk mai giftawa. Ya tsaya ƙiƙam, rana a ƙeyarsa, inuwarsa shimfiɗe a kan ruwa, jar dara na ta walƙiya. Ruwan kuwa garau yake. Karfasa za ta taso har dab da gashin, ta tsaya cak, ta juya abinta. Ya waiga ya duba keke, inuwa ta motsa, sauran ma su watse. Haka ya wuni, duk wadda ta guje masa sai ya harari tsohon.

Da la'asar tsohon ya zaɓi manyan karfasa biyu ya miƙa masa, ya ce, "Kai wa Inna, Allah ya ba ta lafiya." Wallahi, Shekarau, nan ne abin yake ba ni haushi. Bawan Allah nan ya dubi kifayen suna numfashi, ya ce a ransa ruwa ba ya tsami banza, wa ya san abin da aka tofa musu. Ya ajiye sanda, ko na gode babu, ya hau keke. A gida matarsa ta daka kayan yaji, ruwa na tafasa a tukunya. Tsohuwa da ta ji ƙararrawar keke ta sa aka tashe ta zaune, aka jingina ta da matashi. Ya shigo, ta dubi hannunsa na dama, ta dubi na hagu. Ta zame ta kwanta, ta juya fuska bango. Ranar ma ko ruwa ba ta sha ba.

Ka ga, ya wuni yana gadin kansa daga mutumin da bai nufe shi da komai ba sai alheri, ya manta kifin da ya je yaudara shi ma yana da ido. Kai ma da kake zare ido kana auna kowa, tsammani kake ba a lura da kai? Surukin naka da ya ɗauke ƙafa daga gidanka, ba munafunci ba ne, inuwarka ya gani a kan ruwa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce: kifi na ganinka, mai jar koma.