Shuɗin Bangon Fada

Mai zane ya sake kankare shuɗin da ya shafa jiya, ɓawon fenti yana zubo masa a gemu.

Zauren baƙi na sabuwar fadar gwamnati gilashi ne gefe uku, daga ƙasa har rufi. Fararen ginshiƙai sun lanƙwashe kamar za su tashi sama, tafki ya zagaye ginin, gada guda ce shiga da fita. Bango ɗaya tak aka bari na siminti, shi aka ba shi ya zana. Motar gwamnati ke kawo shi da safe, ta mayar da shi da yamma, wani mai kaki da ake kira Dogo yana biye da shi har bakin banɗaki. Masu shara suka ce mutumin nan ya samu duniya.

"Malam, sai yaushe?" in ji shugabar ma'aikatan fada. "Bikin buɗewa ya matso, kai kana ta wasa da sararin sama."

"Launin bai zauna ba, ranki ya daɗe."

Launi kam ya zauna tuntuni, shi ma ya sani. Amma daga saman tsani, in ya waiga, yana hango filin da ke hayin ruwa. Da hantsi matarsa kan zo ta tsaya a can, ta ɗaga 'yarsu a kafaɗa. A kan idonsa yarinyar ta fara tafiya, ta bayan gilashi. Gilashin ba ya shigar da sauti, tagoginsa kuma ba don buɗewa aka yi su ba.

Wata safiya shugabar ta gaji. "Gobe za a cire tsani, an gama ko ba a gama ba."

Kafin azahar ya kammala. Ya daɗe a sama, buroshi na bushewa a hannunsa, har matar ta goya yarinyar ta juya.

Ma'aikata suka taru suna tafi. Wani ya dafa shi. "Sannu da aiki! Yanzu sai gida a huta."

Dogo ya kau da kai. Mai zane ya wanke hannayensa tas, ya goge, ya miƙa su a haɗe. Dogo ya ɗaura masa ankwa a hankali, ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Daga yau ba sauran fita daga kurkuku, sai ka cinye shekarunka."