Tikitin Zuwa Suna

Na ji kina ta jimamin tikitin jirgin da ya tashi a banza saboda an fasa bikin da za ki je. Zauna ki ji wani misali.

An yi wata mata a Kano, malamar makaranta da ta yi ritaya, wadda 'yar ƙaninta ke aure a Fatakwal. Uwar yarinyar ta daɗe da rasuwa, don haka duk abin da uwa ke yi wa 'yarta, gwaggon ce ke yi. Da yarinyar ta samu cikin fari bayan an sha jira, likita ya hana ta doguwar tafiya, ba ta samu zuwa gida haihuwa kamar yadda aka saba ba. Ranar da aka bugo waya cewa ta sauka lafiya, an samu namiji, matar nan ko zama ba ta yi ba. Ta je ofishin masu sayar da tikiti ta yanki na jirgin sama mai rangwame, na zuwa da dawowa, irin wanda idan mutum ya fasa tafiya kuɗinsa sun tafi ke nan. An yi mata bayani, ta yi murmushi ta ce ai suna ba a fasa shi. Ta dawo gida ta cika akwati. A ƙasa ta jera kanwa da yajin jego da garin kunu da busasshen ganyen wanka, a sama kuma rigunan jarirai da zanen goyo da 'yan huluna da safa waɗanda ko tafin hannu ba su cika ba.

Kafin ranar suna jaririn ya koma. Mijin yarinyar ya bugo da murya a dushe, ya ce, "Gwaggo, kada ki wahalar da kanki. An riga an kai shi. Addu'a kawai za ki yi mana." Dangi suka yi ta'aziyya ta waya, kowa ya ce Allah ya sa mai ceto ne, ya kawo rayayye, masu shirin hawa mota suka kwance kayansu. Ita ma yarinyar duk lokacin da aka kira ta sai ta ce lafiya lau, ta dangana. Matar ta koma ofishin nan. Ma'aikaciyar ta jajanta mata, sannan ta ce kuɗi ba sa dawowa, ba a kuma sauya suna a bai wa wani. Abin da za a iya kawai shi ne a ɗaga ranar tafiya, shi ma sai an ƙara wani abu. "To Hajiya, zuwa yaushe za a ɗaga?" Matar ta ce a bar shi yadda yake. Ta fito ranta a ɓace, tana kuma jin kunyar kanta, wai ana cikin rashi ita tana takaicin kuɗin jirgi.

Da ta isa gida ta buɗe akwatin ta fara fitar da kayan jaririn, tana ninkewa tana ajiyewa a gefe, ba ta bari idonta ya daɗe a kan ko ɗaya. Tana cikin haka hannunta ya kai kan ƙullin kanwa, sai ta tsaya. Wannan ba na jariri ba ne. Yajin ma haka, da garin kunun, da ganyen. Ɗan ya tafi, amma jikin da ya haife shi bai san ya tafi ba. Ciwon yana nan, nono zai cika ba mai sha, wanka kuma dole ne. Wa ke dafa wa yarinyar ruwa a garin da ba uwa ba dangi, miji kuma shi ma neman mai rarrashinsa yake? Ta tura kayan jaririn can ƙuryar durowa, ta rufe akwatin da rabinsa ba komai, ranar da aka rubuta a tikiti ta hau jirgi.

Ta tarar da gidan tsit, labule a sake da rana tsaka. Yarinyar na zaune a bakin gado, gaban rigarta a jiƙe, leɓenta a bushe. Ta ɗago ta daɗe tana kallo, ta ce, "Gwaggo, ba a gaya miki ba a yin sunan ba?"

"An gaya mini. Masu jirgin ne suka ƙi mayar mini da kuɗina. Ina babbar tukunyarki?"

Ta ɗora ruwa, ta jefa ganye. Ta zaunar da ita a kan kujera 'yar tsugune, ta fara gasa mata jiki tun daga kafaɗa. Da zafin ya ratsa ta, sai kukan da ta riƙe tun ranar rashin ya ɓalle. Gwaggon ba ta ce ta yi shiru ba, ta ci gaba da tsoma ganye tana danna mata baya har ruwan ya huce. Ta ɗaure mata ƙirji da zane, ta dama kunun kanwa, ta tsaya a kanta sai da ta ga gindin kofi. Haka aka yi kullum safe da yamma har aka yi arba'in, yarinyar ta fara ɗaga labule da kanta. Ranar tikitin dawowa kuwa ta zo ta wuce matar na tsugune gaban murhu. Wannan karon ba ta je ofishin kowa neman kuɗi ba, da lokaci ya yi motar haya ta hau ta koma Kano.

Saboda haka kafin ki gama lissafin abin da kika rasa, duba ko biki kaɗai aka fasa, mutumin da za ki je dominsa yana nan zaune. Masu iya magana dai sun riga sun ce, zumunci a ƙafa yake.