Takobi na Bakwai

Munzali ya sha faɗa a majalisar ’yan gida da ke unguwar Al-Oud, can ƙasar Larabawa, cewa ko an ɗaure masa ido, da sansana kawai zai gaya maka shekarun takobin Japan, da sunan maƙerinsa, har da ko maƙerin ya karya kumallo ran nan. Maganar Allah kuwa, abin Japan ɗaya da ya taɓa riƙewa shi ne sitiyarin motar wani kamfani a unguwar Ulaya. Sauran ilimin a waya ya tsince shi, yana jiran maigida ya sauko.

Ba wanda ya ɗauki cika-bakin da zafi sai da kamfanin ya rufe. Iƙamar Munzali, wato takardar izinin zama, saura kwana tara. In bai samu sabon kafil, uban gidan da zai tsaya masa, ba, sai jirgin Kano.

To, Likita Luqman, bawan Allah mai yarda da mutane, shi ya ɗauki zancen da gaske. Yana duba wani dattijon Balarabe, Abu Nayif, wanda wansa ya rasu ya bar masa takubban Japan guda shida. Shi Abu Nayif mutumin raƙuma ne, bai taɓa ko zare ɗaya ba. Yana neman mai kula da su, zai yi masa iƙama. Sharaɗi ɗaya ne: ya zo bayan La’asar, gaban abokansa, ya nuna wanda ya fi daraja.

Kwana uku Munzali ya yi yana kallon waya har idonsa ya yi ja. Abu biyu suka zauna masa daram. Na farko, ana sunkuya wa takobi kafin a taɓa shi. Na biyu, ba a magana kusa da tsirarar kaifi, don tururin baki na kawo tsatsa. Malaman dā ma takarda suke ciza.

Ranar ya iske falon cike, kusan mutum ashirin, kowa da farar riga. Ga gahawa, ga dabino, ga manyan kankana a gefe. Tsakiya kuma dogon tebur da jan ƙyalle. An ce masa shida ne, shi kuwa ya ga bakwai. Ya ce a ransa, mai abu da yawa dama ba ya sanin abinsa.

Shida suna cikin kube mai sheƙi. Ya ja na farko, ya ƙi fita. Ya ja na biyu, ko motsi. Sai ya girgiza kai irin na wanda ya raina kaya, ya wuce, gumi na bin bayansa. Can ƙarshen tebur ya hango na bakwai, kwance tsirara, dogo, ya ɗan lanƙwasa. Allah Ya kawo sauƙi!

Ya sunkuya masa har ƙasa. Wani tsoho ya ce, “Astagfirullah.” Munzali ya zaro takardar goge hannu ya ciza, ya ɗaga tafi: kowa ya yi shiru. Falon ya yi tsit.

Daidai nan Buraima ya shigo yana goge hannu a riga. Mutumin Damagaram ne, shi ke kawo wa gidan kaya daga kasuwar Aziziya. Ya yi waige-waige, ya dubi tebur, ya ce, “Malam…”

Munzali ya zare masa ido ta saman takarda. Abu Nayif ya ce, “Uskut!” Buraima ya haɗiye maganarsa.

Sai da ƙwararre ya juya ƙarfen gaba da baya, ya ja da baya taku uku, ya tofar da takarda, sannan ya fara karatu da Larabcinsa na direba. Wannan igiyar ruwa da ke bin bakin kaifi, in ji shi, sa hannun maƙeri ce, mutum uku kacal suka iya ta a duniya, duk sun mutu. Baƙin abin da aka naɗe ƙota da shi, fatar wani kifi ce da ke ƙasan teku. Rashin kube kuwa, babban takobi ba ya yarda a rufe shi.

Ƙuda ya sauka a kan kaifin. Aka kore shi, ya dawo da ɗan’uwansa.

“Kun gani? Ƙuda ma ya san jini,” in ji Munzali. Ya nuna wani ja-ja mai danƙo kusa da ƙota, ya dangwala da yatsa ya lasa, ya lumshe ido. “Zaƙi! Jinin sarakuna ne. Shekara ɗari bakwai, ko kwana ɗaya bai yi ciwon kai ba.”

Buraima ya ɗaga yatsa zai sake magana. Wannan karon mutum biyar suka ce masa uskut.

Abu Nayif ya share hawaye, yana yi wa wansa addu’a. Ya ce a kawo takardun kafala. Likita Luqman ya rungume Munzali yana cewa, “Ka fitar da mu kunya, ɗan’uwa!” Aka shigo da akwatin gilashi mai mukulli, Munzali ya sake cizon takarda, ya ɗauki takobin a tafuka biyu kamar jariri ranar suna, baƙi na ta ɗaukar hoto.

Ganin mukulli ne ya sa Buraima ya kasa daurewa. Ya tako tsakiyar falo, da Larabcin kasuwa wanda kowa ya ji sarai, ya ce:

“Ya Shaikh, a kulle ta in an ga dama, amma a bari in ƙarasa yanka muku kankanar tukuna. Wuƙata ce, nan na ajiye ta na je wanke hannu. Kawuna ya ƙera min ita bara a Damagaram da sifirin mota, robar keken da ke ƙotar kuwa ni na naɗa.”